Ranar da Na Sa Rigar Zalɓe

Ranar jajibirin ƙaramar salla ce, shekarar da na shiga aji biyu na firamare, kakana ya kama ni ina kwaikwayonsa. Shagonsa na guga yana ƙasan wani tsohon bene a Hadayek el-Maadi, nan Alƙahira, ɗan ɗaki ne wanda in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya fita kafin sauran su iya juyawa. Ranar kayan salla sun cika shi har rufi, jallabiyoyi a rataye, barguna a jibge, zafin murhu ya sa har bango yana gumi. Ummata ce ta aike ni in kai masa shayi. Na ajiye kofin a bakin taga, na tsaya a bayansa ina kallo. Shi kakana ba da hannu yake guga ba, da ƙafa yake yi. Dutsen gugar wani jibgegen ƙarfe ne mai doguwar mariƙa lanƙwasassa. A gasa shi a murhu, a jawo shi kan wani teburi mai gajerun ƙafafu, a ɗora ɗan katako a bisansa, sai mutum ya taka katakon da ƙafar dama, ya duƙa ya kama mariƙar, ya riƙa tura ƙarfen gaba da baya yana tsaye a kan ƙafa ɗaya. Kafin ya ɗora ƙarfen kuwa sai ya guntsi ruwa, ya kumbura kumatu, ya fesa a kan tufar, ruwan ya fito siriri kamar hayaƙi. Ni dai ban san abin da ya shiga kaina ba. Na jawo wani gwangwanin madara na taka, na duƙa, na turo baya kamar yadda yake yi, na guntsi ruwan butarsa na furzar da ƙarfina. Duk ruwan nan bai sauka ko'ina ba sai kan farar jallabiyar limamin unguwa, wadda aka gama gogewa aka ninke.

Ya juyo ya dubi jallabiyar, ya dube ni, ƙafata tana kan gwangwani, ruwa na bin haɓata. Na riga na rufe ido ina jiran mari. Sai na ji wani ƙara kamar ana jan tsohuwar ƙofa, ashe dariya ce ta ci ƙarfinsa, har sai da ya mayar da ƙarfen murhu ya dafa bango. "Gyare," ya ce, don haka yake kirana, "wannan feshi ne ko fitsarin akuya?" Ya zaunar da ni a kan tarin barguna, ana ta jiran kayan salla a waje, ya koya mini yadda ake matse leɓe, a bar iska ta riga ruwa fita. Ya gyara mini tsayuwa, ya ce in ƙara karkata wuya hagu, don shi haka nasa yake. Da ya ga na fara kamawa sai ya daina dariya, ya ce, "To ki riƙe shi da kyau. Ranar da na tafi, ke za ki yi ni."

Ban gane ba a lokacin, sai da ya yi ta maimaita mini shekara da shekaru. A garinsu, in ji shi, idan tsoho ya rasu ya bar jikoki, 'ya'yansa su yi kuka, wannan nasu ne. Amma jikoki wasa suke yi. Su sa rigarsa, su ɗauki sandarsa, su yi tafiyarsa da tarinsa da faɗansa a tsakiyar masu zaman makoki, har sai an yi dariya. Ba raini ba ne. Shaida ce cewa mutumin ya daɗe, ya ga 'ya'yan 'ya'yansa, bai tafi a banza ba. "Tsohon da aka raka da kuka zalla," yakan ce, "kamar bai bar kowa ba ne. Ni kar a yi mini haka a garin mutane."

Sunansa Isiyaku, Misrawan unguwa suna ce masa Amm Ishak, wato Baffa Isiyaku. A Sudan aka haife shi, a wani ƙauyen Hausawa a bakin kogi, inda kakanninsa suka yada zango a hanyarsu ta zuwa hajji a ƙafa, zangon ya zama gari. Ya zo Masar da matarsa da 'ya'ya biyu, Ummata da ƙanenta Kawu Bashir, ya koyi gugar ƙafa wurin wani tsohon Bamisre, da tsohon ya rasu ya ci gaba da riƙe shagon. Ni a nan aka haife ni. Babana yana aiki a wata ƙasa, sai a waya na fi saninsa, don haka a hannun kakana na tashi. Shi ya sa mini Gyare saboda bakina ba ya shiru, ni kuma na sa masa Zalɓe saboda tsayuwar ƙafa ɗaya. Ko a gaban baƙi haka nake kiransa, in Ummata ta harare ni ya ce ta fita harkarmu, ba da ita ake ba.

Gidanmu yana hawa na huɗu, ɗaki biyu da falo, babu lifta. Da safe kakata, wadda muke kira Habboba irin na mutanen Sudan, takan zura kwando da igiya ta baranda mai ful, wato dafaffen wake, ya sa mata kwano, ni ce mai jan igiyar, kuma sau da yawa rabin roman yakan ƙare a kan shanyar mutanen hawa na biyu. Daga nan in hau saman bene in ba kaji ruwa. Saman benen nan shi ne tsakar gidanmu. Habboba tana da kajinta a wani lungu, maƙwabciyarmu Umm Karim tana da agwagi da tantabaru a ɗaya lungun, ga igiyoyin shanya, ga tankunan ruwa, ga kwanukan talabijin duk sun yi tsatsa. A nan muke 'yar carafke da ƙwallayen dabino, mu zana gidaje da alli mu yi tsalle, mu leƙa ƙasa mu ga mai tukunyar gas yana wucewa yana buga ƙarfe. A nan Habboba take shanya kuɓewa da barkono, in kuwa agwagin Umm Karim suka shiga sai a kwana biyu ba a gaisawa, sannan a aiko da farantin mahshi, kayan lambu da aka cusa wa shinkafa, a shirya. Da la'asar, in na dawo makaranta, in sauka shago in taya ninkin kaya. Akwai ranakun da nake dawowa da kuka, yaran layi sun bi ni suna kirana shokolata, wato cakulan, saboda baƙar fatata. Ba ya lallashi. Sai ya ce in nuna masa yadda yaron ya yi, in kwaikwayi tafiyarsa da muryarsa, kafin in gama mu biyu mun faɗi kan barguna muna riƙe ciki. A gida kuwa ba a yi masa Larabci. In na manta na yi, sai ya tallafe kunne ya ce, "Kunnen Larabcin a shago na baro shi, yana rataye da kayan mutane." Hausar da nake rubutu da ita yau, daga wannan kurumtar tasa na same ta.

Akwai wani wasa da ya fi so, kuma shi ne nake jin nauyin rubutawa. Idan na makara da abincin rana, sai in tarar ya kifa kai a kan teburin guga, hannu a sake, harshe a waje. Wai yunwa ta kashe shi. Tun ina ƙarama ina tsorata har na gane, na koma cewa, "Allah ya ji ƙan Zalɓe, bari in cinye abincinsa." Da na buɗe kwanon sai ya zabura ya ce ƙamshin ne ya dawo da shi, an ce masa can lahira babu yaji. Mun yi wannan wasan ban san iyaka ba. Na gama firamare muna yi, na gama sakandare muna yi, har mai lemon rake na kusa da mu ya haddace, yakan leƙo ya ce, "Amm Ishak ya sake mutuwa?"

Shekaru sun ci shi a tsaye. Ƙafarsa ta dama ta fi ta hagu kauri, bayansa ya lanƙwashe har ya zama ko a sahun salla kamar yana shirin ruku'u. Mutane sun koma wurin masu injin tururi, sai tsofaffi masu jallabiyar ulu da masu manyan barguna ne suka rage masa, su da suka ce karin da ƙafa ta yi ba ya tashi. Kawu Bashir, wanda yake tuƙa motar wani ofishin jakadanci a Zamalek, ya sha roƙonsa ya rufe shagon ya huta. Sai ya ce, "In na zauna, wa zai ɗaga ni?" Haka nan yake hawa benen nan kullum yana hutawa a kowane hawa, yana riƙe da ledar burodi mai zafi, yana kiran Habboba tun daga ƙasa wai ta ɓoye saurayinta ga shi nan tafe.

Yau ko arba'in ba a yi ba. Wata Talata ce da azahar, na tsaya wanke-wanke na ɗan makara. Na sauka da kwano a hannu, na ɗaga labulen shagon, na gan shi ya kifa kai a kan tebur, hannu a sake. Na yi dariya. Wallahi na yi dariya. Na ce, "Allah ya ji ƙan Zalɓe, yau kuwa tuwon asida ne da miyar kuɓewa." Na buɗe kwanon, na jira. Sai na ji ƙauri. Ƙarfen yana zaune a kan jallabiyar wani, ya cinye ulun har ya kai katako, hayaƙi yana tashi a hankali kusa da kuncinsa. Mutumin da bai taɓa ƙona ko hankicin kowa ba. Ban san lokacin da kwanon ya faɗi ba, ban san ihun da na yi ba, an dai ce har masu tuk-tuk, kekunan hayar nan masu ƙafa uku na bakin titi, sun ji. Mai lemon rake ne ya janye ƙarfen, ya taɓa wuyansa, ya yi salati.

Tun daga ranar jikina bai dawo daidai ba. Ko burodi ne ya ɗan ƙone a kicin sai abin da ke hannuna ya suɓuce, in rasa numfashi, sai na fita baranda. Ba na bin layin shagon, zagaye nake yi ta bayan masallaci. In wani ya kwanta a falo ya yi shiru, sai na je na tsaya a kansa ina kallon ƙirjinsa. Abin da ya fi duka kuwa, dariya ta zame mini abin tsoro. In na ji yara suna yi a matattakala sai in toshe kunne, don tawa ce nake ji, wadda na yi a bakin labulen nan.

An kai shi a mota tun kafin magariba, can wata maƙabarta a bayan gari, maza kawai. Mu muka zauna. Habboba ta sa fararen kayan takaba, ta zauna a tabarma a kusurwar falo ta fuskanci bango. Ba ta yi kuka ba. Ba ta ci ba, sai in an matsa ta kurɓi shayi. Mata suna ta zuwa, 'yan Sudan da tobansu masu kama da lafaya, Misrawa cikin baƙaƙen kaya, matan ɗalibai 'yan Najeriya daga Hay el-Sabi' waɗanda yakan goge wa mazajensu kaya ya tsare su da tambayar ko har yanzu ana cin abu kaza a Kano. Kowa ya yi mata gaisuwa sai ta ɗaga hannu kawai.

Ana gobe sadakar bakwai, bayan la'asar, ta yi magana, ba ta ma juyo ba. "Habiba, rigar aikinsa tana bayan ƙofa." Ni ce Habiba. Na gane nufinta. Kawu Bashir ma ya gane. Ya ce, "Inna, don Allah. Nan Masar ne, ba ƙauye ba. Mutanen nan in suka ji dariya a gidan mutuwa cewa za su yi murna muke yi, ko mun haukace. Mai gidan nan dalili yake nema ya tashe mu. Ga malamai za su zo, a ce muna bidi'a. Kuma dubi yarinyar nan, ko kofi ba ta iya riƙewa." Gaskiya ya faɗa, duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ni kuma na ji daɗi a raina da ya faɗa. 'Ya'yansa ƙanana ne, ko Hausar ba su ji. In ban yi ba, babu mai yi. Habboba ta ce, "Kai ubanka ya mutu, ka yi kukanka, ban hana ka ba. Ni tambaya ɗaya nake yi. Mutumin nan yana da jika, ko ba shi da shi?" Ummata ta dube ni, ta sunkuyar da kai.

Washegari da hantsi maza suka tafi masallaci yin addu'a, falo ya cika da mata har bakin ƙofa. Na shiga ɗaki na ɗauko rigar. Da na kai ta kusa da fuskata sai na ji ƙaurin nan a jikinta, na zauna a ƙasa, na daɗe ban tashi ba. Ba zan ce ƙarfin hali ne ya tashe ni ba, ni dai na ga in na bari aka watse, shi ke nan, an raka shi da kuka zalla a garin mutane, kuma ina zaune. Na zura rigar, na tattare gindinta na soke a ƙugu kamar yadda yake yi, na kifa hularsa. Na ɗauki tukunya da muciya a kicin, na jawo ɗan teburin shayi tsakiyar falo. Hira ta tsaya cak. Na ɗora tukunyar a kan teburin na taka ta, na duƙa na kama muciyar a matsayin mariƙa, na karkata wuya. Na guntsi ruwa, na kumbura kumatu. Iska ta ƙi fita. Ruwan ya zubo ta gefen bakina ya bi haɓa ya jiƙa gaban rigar, ga hawaye, ga majina. Wata Bamisriya ta ce, "Ya sattar, yarinyar ta taɓu." Na ji Ummata ta yunƙura za ta zo ta janye ni.

Sai murya ta fito daga kusurwa, a bushe, irin wadda take yi masa in ya shigo da takalmi kan shimfiɗa. "Tsufa ya gama da kai, Malam. Yau ko feshin ma ka kasa?"

Habboba ce. Ta juyo, tana kallona, amma ba ni take yi wa magana ba. Ban shirya komai ba, bakina ne ya buɗe, kuma abin da ya fito ba muryata ba ce, tasa ce, har da ɗan tarin da yake fara magana da shi. "Da wane haƙori zan tare ruwan, Hajara? Duk kin ƙarar mini da su a ƙanzon tuwonki."

Wata tsohuwa 'yar garinsu ce ta fara ƙyalƙyalewa. Sai Ummata, hannu a baki. Sai falon ya ɗauka. Na sake guntsa, wannan karon ya fita, ya watsu a hasken taga, matan gaba suna kare fuska suna cewa Allah ya shirye ka Isiyaku. Na yi musu yadda yake hawa bene, na yi yadda yake ciniki da mai tumatir da Larabcinsa mai warin Hausa, na yi yadda yake tallafe kunne. Umm Karim ta miƙe tsaye, fuskarta a murtuke, na ce shi ke nan, abin da Kawu ya faɗa ya zo. Ummata ta kama hannunta tana yi mata bayani a kunne. Ta tsaya tana saurare, tana dubana. Sannan ta zare ɗan gyalen da ke kafaɗarta, ta tako ta shimfiɗa shi a kan teburin shayi. Ta ce, "Yalla ya Amm Ishak, goge mini wannan. Kuma kar ka ce mini gobe, na san gobenka." Muryarta ta karye a ƙarshen maganar. Na ɗora tukunyar a kan gyalen, na tura gaba, na dawo da ita baya.

Habboba ta yi dariya har ta dafa ƙasa, kuma ba wanda ya ga inda dariyar ta ƙare kukan ya fara. Kuka ne mai sauti, na farko tun ranar Talata, tana kiran sunan da ba ta taɓa kiransa da shi a gabanmu ba. Mata suka rufe ta. Da na ɗaga kai na ga Kawu Bashir a bakin ƙofa, ya dawo ɗaukar faranti. Ya shigo ya nufi taga, na ɗauka rufewa zai yi. Ya dafa ta, ya tsaya, kafaɗunsa suna girgiza, ya bar ta a buɗe. Ranar Habboba ta ci abinci. Ni kaɗai ce ban yi dariya ba a falon nan, kuma har yau ban yi ba.

Yanzu shagon a rufe yake, an ce wani zai karɓa ya sa kayan waya. Ƙarfen yana saman bene kusa da kejin kaji, maza biyu ne suka hau da shi, ba mu san abin da za mu yi da shi ba. Gidan ya yi shiru irin wanda ban san shi da shi ba. Sai dai wani lokaci bayan la'asar, in baƙi sun tafi, Habboba takan kira ni daga tabarmarta, ta ce, "Zo ki yi mini shi kaɗan." Ba riga, ba tukunya, murya kawai. In zauna kusa da ita in yi tarin, in ce mata shayin nan ba sukari, ta ce ai likita ya hana ka, mu ɗan yi faɗa, sai ta gyara kwanciya. Ina yi, amma wani sabon tsoro ya same ni wanda ban gaya wa kowa ba. Jiya na faɗi wata kalma, na tsaya ina tunani ko haka yake jan ta, ko ni ce na fara ƙara nawa, kuma babu wanda zan saurara in gwada. Lokacin da nake yarinya, in na gaji da wasan sai in daina in tafi saman bene, shi yana nan ƙasa yana aikinsa. Yanzu kuwa in na yi shiru, shi ne ya yi shiru.